Dawowar Toews, Hanyar Pembina da Dala 10,000: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Kallon Hoki na Winnipeg

Daga Winnipeg zuwa St. Paul ta jihar Minnesota tafiyar awa bakwai ce a mota, kuma duk wanda ya taɓa bin 'yan'uwa kallon karawar hokin ƙanƙara tsakanin Jets ta Winnipeg da Wild ta Minnesota ya san abin da ke cinye awannin nan. Daga barin gari har a doshi Emerson, garin bakin iyaka ta ɓangaren Kanada, musun 'yan wasa ake yi: wane ya ƙare, wane zai dawo, wane kuɗi kawai yake ci. Da an hango rumfar jami'in iyaka sai mota ta yi tsit, can sai ka ji wani daga kujerar baya ya ce, "Wai kuɗi nawa ne ma ake bayyanawa?" Tambayoyin da ke ƙasa daga waɗannan gardandami biyu suka fito.

Wane ne Toews ɗin nan da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan dawowarsa?

Jonathan Toews haifaffen Winnipeg ne, an haife shi a 1988. Chicago Blackhawks ta ɗauke shi a 2006, ta ba shi kyaftin yana ɗan shekara 20, ya kuma ɗaga mata kofin Stanley, kofin zakaran NHL (babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka), sau uku: 2010, 2013 da 2015. Ya ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2010 da ta 2014. A hanyar St. Paul ma za ka ratsa Grand Forks, garin da ya buga wa Jami'ar North Dakota kafin ya shiga NHL.

Rashin lafiya ce ta tsayar da shi. Kakar 2020-21 gaba ɗaya bai taka ƙanƙara ba, saboda wata larura da ke sa garkuwar jiki ta riƙa tayar da kumburi ba ƙaƙƙautawa, daga baya kuma ragowar korona ta ƙara masa nauyi. Ya lallaɓa ya buga wasa 53 a kakar 2022-23, ya yi wasansa na ƙarshe da rigar Chicago a watan Afrilun 2023, sannan ya janye. Bai taɓa cewa ya yi ritaya ba, kuma wannan ƙofar da ya bari a buɗe ita ta ciyar da masu musu har shekara biyu. Ya je Indiya neman maganin gargajiya, ya dawo ya ci gaba da atisaye, a watan Yunin 2025 Jets ta sanar cewa ɗan gida zai sa rigar gida.

Mutumin da ya shekara biyu a zaune, yana da shekara 37, anya ba asarar kuɗi ba ce?

Masu cewa asara ce suna da hujja. Hokin NHL wasan ƙafa ne kafin ya zama wasan hannu. Ɗan wasa kan shiga ya yi daƙiƙa 40 ko 45 yana gudu iya ƙarfinsa, ya fita ya huta, ya sake shiga, haka sau ashirin a dare guda, wani lokaci kwana biyu a jere a garuruwa biyu. Atisaye kai kaɗai a fili ba ya gwada wannan. Kuma tun kafin ya janye, alƙalumansa sun riga sun sauka: ƙwallo 15 a kakarsa ta ƙarshe a Chicago.

Ni dai ba na cikinsu, kuma abin da ya raba ni da su takardar kwantiragin ce. Ta shekara ɗaya ce tak, wato kakar 2025-26, albashin tushe dala miliyan 2, sauran kuɗin, har zuwa miliyan 5, tukuici ne da aka ɗaure da yawan wasannin da ya buga da nisan da ƙungiya ta kai. Idan jiki ya ƙi, Jets ba ta yi babbar asara ba. Idan jiki ya yarda, ta samu ɗan tsakiya wanda ya san ƙwace faifan wasa idan alƙali ya jefa shi tsakanin 'yan wasa biyu, ya san tsare gida, ya kuma san yadda ɗakin 'yan wasa ke zama a daren da ake neman kofi. Ƙungiyar da ta fi kowa maki a kakar 2024-25, maki 116, amma Dallas ta fitar da ita a zagaye na biyu na wasannin neman kofi, irin wannan mutumin take nema a lokacin. Dokar NHL ta yarda a yi wa ɗan shekara 35 zuwa sama irin wannan kwantiragi na tukuici idan na shekara ɗaya ne, to ka ga ciniki ne na wanda ya san kasuwa, ba kara aka yi masa don ɗan unguwa ne ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, kara ma tana ciki. Garin da aka ɗauke wa ƙungiya a 1996 aka kai Phoenix, ya zauna shekara 15 ba NHL kafin a dawo masa da Jets a 2011, ba ya jin kalmar dawowa kamar sauran garuruwa.

An taɓa samun wanda ya daɗe haka ya dawo ya yi abin kirki?

An samu, kuma an samu waɗanda suka gwada abin ya ƙi.

Mario Lemieux ya yi ritaya a 1997, ya zama mai ƙungiyar Pittsburgh, sannan ranar 27 ga Disamban 2000 ya sake ɗaura takalmi. A daren ya ci ƙwallo ɗaya ya ba da biyu, ya gama kakar da maki 76 a wasa 43. Amma Lemieux ba ma'auni ba ne, kamar a auna tsawon mutanen gari da raƙumi ne. Wanda ya fi kusa da zamaninmu shi ne Gabriel Landeskog, kyaftin ɗin Colorado. Ya ɗaga kofi a watan Yunin 2022, gwiwa ta kwantar da shi, aka yi masa dashen guringuntsi a 2023, bai sake buga wasan NHL ba sai 23 ga Afrilun 2025, kusan shekara uku. Patrick Kane, abokin tagwaitakar Toews a Chicago, an yi masa aikin ƙugu a 2023 ya koma Detroit ya ci gaba da cin ƙwallo.

Irin aikin ƙugun da aka yi wa Kane shi aka yi wa Nicklas Backstrom na Washington, shi kuwa wasa 8 ya buga a kakar 2023-24 ya bar wasan NHL. Carey Price, tsohon golan Montreal, tun Afrilun 2022 gwiwa ba ta sake barinsa ya tsaya a raga ba, ga shi shekaru aka yi ana cewa gobe ko jibi. Duk mai kawo maka Lemieux a musu, ka tambaye shi Price.

Ta yaya zan gane dawowar gaske daga raɗe-raɗi?

Kada ka saurari kalaman ƙungiya, ka kalli matakan. A NHL ba dole ba ne a faɗi ainihin raunin ɗan wasa. Sai a ce maka "sashen sama na jiki" ko "sashen ƙasa", ko da yatsa ne ko ƙashin baya, wai don kada abokan hamayya su riƙa auna wurin. Don haka ka lura: ya fara sulɓi shi kaɗai? Ya shiga atisayen ƙungiya da rigar nan mai launi daban da ke nuna kada a taɓa shi? An cire masa ita? An tura shi ƙaramar ƙungiya ya gwada jiki? Landeskog sai da ya buga wasa biyu da Colorado Eagles a gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL, kafin ya dawo. Bidiyon mutum yana sulɓi shi kaɗai a filin unguwa, wanda ake ta turawa a WhatsApp, matakin farko ne kawai.

Me ya sa wasu ke warkewa daidai ranar da aka fara wasannin neman kofi?

Ka taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi, dala miliyan 95.5 a kakar 2025-26. Idan ɗan wasa ya ji raunin da zai hana shi aƙalla wasa 10 da kwana 24, ana sa shi a jerin masu doguwar jinya, ƙungiya ta samu damar haura iyakar ta ɗauko madadinsa. Shekara da shekaru iyakar ba ta aiki a wasannin neman kofi. Nikita Kucherov na Tampa Bay, mai albashin dala miliyan 9.5, bai buga ko wasa ɗaya a kakar 2020-21 ba bayan aikin ƙugu, ya bayyana a wasan farko na neman kofi, ya tara maki 32, Tampa ta ɗauki kofin. Ba a karya doka ba, aikin kuma da gaske aka yi masa, amma sauran ƙungiyoyi sun ji zafi. Yarjejeniyar da NHL ta cimma da ƙungiyar 'yan wasa a 2025 ta shigo da iyakar albashi cikin wasannin neman kofi don toshe wannan kafar.

To mu koma iyaka. Nawa aka yarda in tsallaka da shi?

Ko nawa ne. Kanada ba ta sa iyaka ba, Amurka ma haka, kuma babu harajin da ake cirewa don ka bayyana. Abin da doka ta ce shi ne ka faɗa idan kuɗin sun kai wani adadi. Ga Kanada, dalar Kanada 10,000 ko fiye, ana faɗa wa hukumar iyaka ta CBSA. Ga Amurka, abin da ya haura dalar Amurka 10,000, ana faɗa wa hukumar kwastan da iyaka ta CBP a fom mai suna FinCEN 105, wanda ana iya cike shi ta intanet tun daga gida. Ƙungiyar hoki tana iya ce maka "sashen ƙasa na jiki" ta wuce, kai ba ka da wannan gatan a gaban rumfa: adadi ake so, cif.

Ashe duka dubu goma ne, ba shi ke nan ba?

A nan ne mutane ke faɗawa rami, don dubu goman biyu ba ɗaya ba ne. Mu ɗauka dalar Amurka ɗaya tana daidai da dalar Kanada 1.40. Wanda ke riƙe da dalar Amurka 8,000 bai kai ma'aunin Amurka ba, amma a lissafin Kanada 11,200 ce a hannunsa, dole ya bayyana. Kuma ana haɗa kowane irin kuɗi wuri ɗaya: dalar Kanada 6,000 da ta Amurka 3,000 sun zama 10,200. Naira, sefa, riyal ɗin da ya rage daga Umara, duk ana juya su a tara. Canjin Babban Bankin Kanada na ranar ake bi, ba na ɗan canjin da ka saba da shi ba.

Mun taɓa tafiya mu huɗu da wani dattijonmu, shi ba hokin ne ya dame shi ba, wata tsohuwar mota ya gani a Fargo yake so ya duba a hanya. Mun yi nisa ana musun Toews sai ya dafa aljihun rigar sanyinsa ya ce, "Ni dai nawa dubu takwas da ɗari biyar ne, ban kai ba." Direbanmu ya rage wuta ya ce, "Baba, dalar wa?" Ya ce ta Amurka mana, ai a can zai biya. Aka ciro waya aka buga lissafi, ya kusa dubu goma sha biyu na Kanada. Ya ce, "To ai fita za mu yi, ba shiga ba." Direban ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, fitar ma ana faɗa." Muka ratse muka shiga ofishin ɓangaren Kanada, ya zazzage ambulan a kan kanta, aka ƙirga, ya sa hannu, ya mayar da abinsa aljihu ko sisi ba a taɓa ba. Shayin da ke cikin fulas bai huce ba muka koma hanya.

Da gaske har lokacin fita ake bayyanawa?

Da gaske, a ƙasashen biyu. Abin da ke rikita mutane a hanyar mota shi ne galibi ba wanda zai tare ka a ɓangaren ƙasar da kake bari, hanya kai tsaye take kai ka rumfar ƙasar da za ka shiga. Nauyin tsayawa a kanka yake. Mai ɗauke da dalar Amurka 12,000 daga Winnipeg zuwa Minnesota sau biyu zai bayyana: ga Kanada kafin ya fita, ga Amurka da ya isa Pembina, garin bakin iyaka ta ɓangarenta. Idan cinikin bai faɗa ba ya juyo da kuɗinsa, sau biyu kuma a dawowa. A filin jirgi, ofishin CBSA za ka nema kafin ka wuce wurin bincike.

Mu huɗu ne a mota. Mu raba kuɗin, kowa ya riƙe dubu uku?

Kada ku fara. A dokar Amurka raba kuɗi don a kauce wa bayyanawa laifi ne mai zaman kansa, ko da kuɗin halas ne tsantsa. Iyalin da ke gida ɗaya, idan suka yi bayani tare, jimillar abin da ke hannunsu ake dubawa, ba na kowa shi kaɗai ba. Jami'an kuma sun ga wannan dabarar sau ba adadi: mutum huɗu, ambulan huɗu iri ɗaya, takardun kuɗi sababbi masu lambobi a jere. Za a ware ku a tambayi kowa daban, labari ya sha bamban.

Idan kuwa kowa kuɗinsa ne na gaskiya, guzurinsa, ba komai, kowa ya amsa da bakinsa. Direba kuma ya tambaya kafin a tashi, don a Kanada kuɗin da aka samu a cikin mota, ba a jikin wani ko a kayansa ba, mai riƙe da motar ake tambaya.

Kuɗin ba nawa ba ne, na adashe ne, ko na gudummawar masallaci da aka ba ni in kai.

Ka bayyana, ka kuma faɗi na waye. Kanada tana da fom E677 ga mai ɗauke da kuɗinsa, da E667 ga wanda ya ɗauko na wani. Fom ɗin Amurka ma yana da gurbin sunan mai kuɗin da wanda za a kai wa. Adashe ba laifi ba ne, amma jami'in da ya tashi a North Dakota bai san shi ba, saboda haka ka zo da abin nunawa: jerin masu zubi, takardar cire kuɗi daga banki, wasiƙar kwamitin masallaci. Abin da ba zan yi ba, ko ɗan'uwana ne ya roƙe ni, shi ne karɓar ƙunshin da ban buɗe na ƙirga da hannuna ba.

Mene ne ake ƙirgawa a matsayin kuɗi?

Takardun kuɗi da sulalla, cakin matafiya, takardun oda na gidan waya, da duk cakin da wanda ya riƙe shi zai iya karɓar kuɗinsa, kamar wanda aka sa wa hannu aka bar gurbin suna fayau. Abin da ke cikin asusunka na banki ko katinka ba ya ciki, ko miliyan nawa ne. Gwal da sarƙoƙi kaya ne, a layin kaya ake bayyana su.

Idan ban faɗa ba aka gano fa?

Za a iya ƙwace kuɗin gaba ɗaya nan take, ba rarar da ta haura dubu goma kaɗai ba. A Kanada, idan ba a zargi kuɗin da alaƙa da laifi ba, ana biyan tara a karɓi sauran, tarar kuma tana ƙaruwa gwargwadon yadda aka ɓoye su: wanda ya manta a jaka daban, wanda ya cusa a ƙarƙashin kujera daban. Idan an yi zargin kuɗin laifi ne, ba a mayarwa, sai ka nemi a sake duba lamarin cikin kwana 90. A Amurka, ban da ƙwacewa, hukuncin kan iya kaiwa tarar dala 500,000 da ɗaurin shekara 10 a manyan laifuka, karɓo kuɗin kuma kan ɗauki watanni da kuɗin lauya. Ga wanda ke zaune da takardar zama ko bizar karatu, tabon da zai hau fayil ɗinsa ya fi kuɗin ciwo.

In na bayyana, ba na jawo wa kaina ido ba?

Bayanin yana zuwa hukumar FINTRAC a Kanada, ko FinCEN a Amurka, masu bin sawun halasta kuɗin haram. Bankinka na Kanada ma yana aika wa FINTRAC rahoto duk lokacin da ka zuba tsabar 10,000 ko ka tura irin wannan adadi waje, ba ka ma sani ba. Za a tambaye ka ina ka samu, me za ka yi da su, a ƙirga. Mai katin NEXUS, katin tsallaka iyaka ta layin sauri, ya tuna ranar da yake ɗauke da irin wannan kuɗi ba ya bin layin NEXUS.

Iyayena za su zo daga gida da kuɗi a hannu. Dokar ɗaya ce?

Tun daga Kano ko Abuja za su fara. Dokar Najeriya ta 2022 kan halasta kuɗin haram ta wajabta bayyana wa kwastan abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa, rashin yin haka na jawo ƙwace kuɗin ko ɗauri. Tarayyar Turai tana da nata ma'aunin na yuro 10,000, wanda ya shafi har mai yada zango a filin jirgi. Sannan Kanada a sauka. Ka rubuta wa Baba adadin a takarda da lissafinsa a kuɗin kowace ƙasa, ya sa a cikin fasfo.

Katin zama na dindindin na Kanada ya isa in shiga Amurka kallon wasa?

Bai isa ba. Ɗan ƙasar Kanada ne ke shiga ziyara ba biza. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana ko Chadi sai da bizar Amurka ko shekara nawa ya yi a Manitoba, sharuɗɗan kuma sun tsananta tun 2025. A tabbatar da biza kafin a sayi tikitin wasa.

To kallon wasa kawai zan je, nawa zan riƙe?

Kaɗan. Tikiti a waya yake, otal da mai duk da kati ake biya, filayen NHL da dama ma sun daina karɓar tsabar kuɗi ko a wurin sayar da shayi. Dala ɗari ko biyu ta isa ko-ta-kwana. Abin da ya fi tsayar da motocinmu a iyaka ba kuɗi ba ne, guzuri ne. Jami'i zai tambayi abinci, a faɗa masa duk abin da ke cikin kula. Kilishin da aka kawo maka tsaraba daga gida kuwa, a cinye shi kafin Emerson.